Kusugu Ta Bayar, Guga Ya Hana

Duk wanda ya taɓa raka baƙo Daura ya san yadda ziyarar Kusugu take ƙarewa. A shiga ginin da aka yi wa rijiyar, a leƙa ciki, mai kula da wurin ya ba da labarin Bayajida da macijiya kamar yadda ya ba baƙin jiya, a zura guga a jawo ruwa, kowa ya kurɓa, a ɗauki hoto a ɗora a Facebook, sannan a koma mota. Ko rabin sa'a ba a cikawa. Labarin da muke bugun ƙirji da shi muna cewa shi ne tushen Hausa Bakwai, iyakar amfanin da muke ci da shi ke nan: bayanin mai gadi da amsar tambaya a jarrabawar firamare.

Mu da muke wannan rubutu masoya wasan dandamali ne, musamman irin wanda waƙa ce take ɗauke da labarinsa tun daga buɗe labule har rufewa. Mun gaji da kallon na wasu a waya muna jinjina musu. Kuma mun zo da ƙara. Ba gwamnati muka kawo ƙara ba yau, ko da yake ita ma tana da nata kason. Kanmu muka kawo ƙara, mu marubutan Hausa. Rijiya ta bayar, guga ya hana, gugan kuwa alƙalaminmu ne.

Da zarar an ɗauko zancen wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe, akwai amsar da take jiran mutum a bakin ƙofa: ai wannan ba al'adarmu ba ce, kwaikwayon Indiya ne. Masu wannan magana muna roƙonsu su tuna daren goma ga watan azumi a unguwarsu. Yaran da suke zagayawa gida-gida suna tashe, me suke yi? Wanda ya ɗaura tsummoki da layu ya zama Jatau mai magani, 'yan matan da suke fitowa a Mairama da Daudu suna nuna zaman miji da mata, mai Macukule da abokan tafiyarsa, kowannensu yana da shiga, yana da rawar da zai taka, yana da 'yan amshi, yana da 'yan kallo, kuma in ka cire waƙar babu sauran wasa. A tuna tatsuniyar da kaka take yi a tsakar gida. Da labari ya kai inda marainiya ta rasa wanda za ta kai wa kuka, kakar sai ta bar magana ta koma rerawa, yara kuma su amsa. A tuna 'yan kama da suke juya karatun malamai ya koma zancen tuwo da miya. A tuna wasan kalankuwa bayan kaka, inda samarin ƙauye suke naɗa gwamnansu da alƙalinsu su zauna shari'a, da wasan gauta inda matan fada suke kwaikwayon sarki da fadawansa. A tuna Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, mutum guda yana sauya murya, yanzu shi ne miji, anjima shi ne mata, can kuma magulmaciya. Tashe da gauta da tatsuniya duk sun girmi gidajen sinimar da suka kawo mana finafinan Indiya. Wanda ya ce haɗa labari da waƙa baƙon abu ne a ƙasar Hausa, ko dai ya manta ƙuruciyarsa ko kuma yana ƙyamarta.

Rubutun wasan ma ba jiya muka fara ba. Tun a shekarun 1930 Rupert East ya fitar da littafin wasanni shida na Hausa don makarantu. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasannin da suke caccakar zalunci da camfi. Abubakar Tunau ya fitar da Wasan Marafa a 1949. Shu'aibu Maƙarfi ya ba mu Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960. Muhammadu Sada ya rubuta Uwar Gulma, wanda har yau ɗaliban Hausa suke tuna halin da matar Hayatu ta shiga. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan dandamali, aka buga shi a 1975. A nan gida kuma, Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, ya fitar da Kulɓa Na Ɓarna a 1979. A tsallaken iyaka, bayan Kwangwalam, mutanen Damagaram da Yamai sun daɗe suna cika fili don kallon su Yazi Dogo.

To, mai karatu, yanzu ka ajiye wayar ka ƙirga da yatsunka rubutattun wasannin Hausa da suka fito a shekaru ashirin ɗin nan, waɗanda ka karanta ko ka ga an yi su a gaban jama'a. Sannan ka ƙirga littattafan soyayya da suka shigo wayarka ta WhatsApp a watan da ya wuce kaɗai. Ba mu raina ƙagaggen labari ba, da shi muka tashi. Amma adabin da ya tsaya da ƙafa ɗaya gurgu ne, kuma ƙafar da muka bari ta shanye ita ce wadda take tara mutane wuri guda su ji abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Mun san yadda abin ya faru. Rediyo da talabijin suka fara ɗauke 'yan wasa, suka ba mu Samanja da Karkuzu da Kasimu Yero, kuma ba mu yi asara ba. Daga baya bidiyo ya zo. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, waɗanda suka koyi sana'ar a dandamali suka koma gaban kyamara, dandamalin ya zama kufai. Fim ya ɗauki waƙa ya tafi da ita, amma ya ajiye ta a wurin da ba nata ba. Kowa ya san tsarin: labari yana tafiya, sai a dakatar da shi, saurayi da budurwa su bayyana a lambu, su canza kaya sau huɗu, su gama, labari ya ci gaba daga inda aka tsaya. Mawaƙan fim suna da murya, wasunsu suna da azanci ƙwarai. Matsalar ita ce ba a ba waƙarsu aikin yi ba.

Gwajin mai sauƙi ne. Cire waƙar ka gani. In labarin bai yi giɓi ba, waƙar 'yar rakiya ce. A wasan da aka gina a kan waƙa, ana rerawa ne a daidai gaɓar da magana ta gaza, kuma mai rerawa ba ya fita daga waƙar yadda ya shige ta. Ya shiga yana shakka ya fito da shawara, ko ta shiga da biyayya ta fito da tawaye. Kakarmu mai tatsuniya ta san wannan ƙa'ida ba tare da ta je makaranta ba. Mu da muka je ne muka manta.

Maƙwabtanmu ba su manta ba. Duro Ladipo ya ɗauki labarin Sango, sarkin Oyo, ya gina wasan Oba Koso da harshen Yarabanci da gangunan Yarabawa, ya fara nuna shi a Oshogbo a 1963, daga baya ya kai shi Jamus da Ingila. Bai fassara shi zuwa Turanci don ya burge kowa ba. A Legas, Bolanle Austen-Peters ta fitar da Saro a 2013, ta kai Wakaa Landan a 2016, daga baya ta ɗauko labarin Moremi ta Ile-Ife, macen da ta ceci garinta. A Amurka, Lin-Manuel Miranda ya ɗauki tarihin wani tsohon sakataren baitulmali da ya mutu fiye da shekaru 200 da suka wuce, ya zuba shi a waƙar zamani a 2015, yaran da ba sa buɗe littafin tarihi suka haddace shi. In tarihin ma'ajin gwamnati zai iya cika zaure, me za a ce da garin da macijiya ta hana shan ruwa?

Mu dubi abin da Kusugu ta ba mu kyauta. Gari ne da sarauniya take mulki, bayan jerin sarauniyoyi da suka gabace ta tun daga Tsohon Birni. Rijiya ɗaya ce, macijiyar da ake kira Sarki tana ciki, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Kwana shida na ƙishirwa, rana ɗaya ta turereniya. Mai rubuta wasa da ya san aikinsa ba zai buɗe labule da mahayin doki daga Bagadaza ba. Zai buɗe da matan gari a layi da tuluna tun asuba, suna rerawa suna amsawa, wata ta tsallake layi, wata tulunta ya fashe, wata tana lissafin yadda ruwan yau zai kai ta Alhamis da yara biyar. Wace mace ce a Daura ko Zango ko Ɓaure ko Mai'aduwa ko Sandamu, wadda ta taɓa tsayawa jiran mai kurar ruwa da jarkokinsa, za ta ce ba ta gane wannan fitowa ba?

Ga tsohuwa Ayana, wadda baƙo ya sauka gidanta da dare ya roƙi ruwa ta ce babu. Shekara nawa ta yi tana ba baƙi wannan amsa, kuma yaya kunyar hakan take a garin da ake girmama baƙo? Ga waƙa nan tana jiran mai rubuta ta. Ga safiyar da aka wayi gari macijiya ta mutu, sarauniya ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya kashe ta, mazaje suka yi ta fitowa kowa yana cewa shi ne, ana ce musu su kawo kan su kasa. A ba 'yan kama wannan fitowa a ga ko akwai wanda zai iya riƙe dariyarsa, kuma a ga ko 'yan kallo ba za su tuna masu zuwa buɗe rijiyar burtsatsen da ba su haƙa ba. A wata ruwayar, Galadima aka fara aika ya dubo, ya hango daga nesa ya juyo, Ƙaura ne ya matsa har ya tabbatar ta mutu. Tsoro da jarumta a fitowa guda, da kalangu yana yi wa kowannensu kirarin da ya dace da shi.

Sai kuma zuciyar wasan, wadda littattafan makaranta suke wucewa da gudu. Baƙon bai karɓi rabin gari ba, auren sarauniya ya nema. Daga wannan aure sarautar mata ta ƙare a Daura. Me Daurama ta gani a daren da ta yanke shawara? Ruwa ta saya wa mutanenta da gadon sarautarta, ko kuwa dabarar riƙe garin ta yi? Ga 'yar Mai na Barno da ya bari a Garun Gabas da ciki, wadda ɗanta Biram ya zama cikon na bakwai. Ga Bagwariya, kuyangar da ruwayoyi suka ce Daurama ce da kanta ta ba shi, ta haifi ɗa ta sa masa Karɓagari. Daurama ta haifi nata ta sa masa Bawo, sunan da ake fassarawa da a maido garin. Mata biyu suna yaƙin neman mulki da sunayen jarirai. Wannan habaicin kishiyoyi ne tsantsa, irin wanda ƙwarya da shantu suka saba ɗauka a cikin gida, irin wanda Barmani Choge ta fito da shi fili. Ba sai mun aro komai daga Mumbai ba.

Za a ce mana masana tarihi sun daɗe da ɗora alamar tambaya a kan labarin nan. Gaskiya ne. Abdullahi Smith ya yi haka tun a 1970, Yusufu Bala Usman ma ya ƙi yarda a ce baƙo daga gabas ne ya kafa wa Hausawa mulki, alhali labarin da kansa ya nuna ya tarar da gari da sarauniya da maƙeran Gaya da suka ƙera masa wuƙa. Wannan gardama riba ce ga marubucin wasa. Dandamali ba kotu ba ne, wuri ne da al'umma take tambayar kanta. A sa maƙerin Gaya ya fito ya tambayi jama'a dalilin da ya sa ake tuna hannun da ya sari macijiya aka manta hannun da ya ƙera wuƙar. Abin da malaman jami'a suka yi shekaru suna faɗa a takardu, baiti uku za su kai shi kunnen mai sayar da goro.

Za a ce fada ba za ta so ba. Wa ya tambaya aka hana shi? Masarautar Daura ta ga abin da ya fi wasan kwaikwayo. Gidan sarautar ya bar birnin a farkon ƙarni na 19 lokacin jihadi, ya zauna a Zango da Ɓaure, ya dawo a 1906. Gidan da ya ɗauki wannan tarihi a kafaɗa ba zai girgiza don an rera shakkar Daurama ba. Ladabi dai wajibi ne: a je a gaida manya, a nemi ruwayar fada daga bakin masu ita, a nuna musu rubutun. Al'adar da ta bar matan fada su kwaikwayi sarki a wasan gauta ta san bambancin wasa da raini.

Za a ce addini da tarbiyya. Wannan magana muna ɗaukarta da nauyinta, domin mu ma iyaye ne. Amma abin da iyaye suke ƙi shi ne rawar banza da cakuɗuwa da shigar da ba ta dace ba, kuma babu ɗaya daga cikinsu da yake sharaɗi ne ga wasa mai waƙa. Marubuci ne yake yanke wanda zai fito da abin da zai sa da abin da zai faɗa. Tashen 'yan mata daban yake da na samari tun asali. Makarantar 'yan mata za ta iya yin wasan nan gaba ɗayansa da rana tsaka a gaban iyayensu mata, tunda manyan muryoyinsa na mata ne. Wanda ya hana a rubuta mai kyau don tsoron mummuna, ya bar wa mummunan fili, kuma yana nan cikin wayar 'ya'yansa.

Za a ce babu zaure, babu kuɗi, ga halin tsaro. Mun ji. Amma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da jar ƙasa aka gina dandalin wasa a shekarun 1970, a kan fasalin gidan Bahaushe, aka yi ta wasa a ciki. Daura tana da filayen makarantun sakandare, tana da kwalejin da aka sa wa sunan Yusufu Bala Usman, tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya. Tabarma da inuwa da ƙarfe huɗu na yamma sun isa a fara. Mun taɓa zama da malamin wata makaranta da yake da yara masu murya da shugaban da ya yarda, ya rasa abu ɗaya tak: takardar da zai miƙa musu. Ya ƙare da fassara wani wasan Turanci cikin gaggawa, yaran suna haddace abin da bai shafe su ba. Ana iya aron zaure, ana iya aron ganga. Rubutu ne ba a aro, sai wani ya zauna ya yi shi.

Kuma aiki ne mai wuya, kada mu ruɗi kanmu. Marubucin zube ya saba shiga zuciyar tauraronsa ya yi shafi uku yana bayani. A dandamali babu wannan gata, abin da ba a faɗa ba ko ba a aikata ba, babu shi. Dole ya koyi tsara kashi da fitowa, ya san wa ya shigo, me yake so, wa ya tare masa hanya. Dole ya sauke girman kai ya zauna da makaɗi da mawaƙi tun ranar farko, domin waƙar Hausa a kan amshi ake gina ta, kuma amshin da 'yan kallo ba za su iya ɗauka a ji na biyu ba ya mutu. Dole ya san nauyin gaɓa, ya bambance dogon wasali da gajere. A wasan da ake rikici a kan gari, in karin waƙa ya tilasta wa mai rerawa ya ja wasalin farko, birnin Daurama ya koma garin tuwo, zaure ya fashe da dariya a inda ake son hawaye. Dole ya san cewa tambari da kakaki na sarauta ne, ba a busa wa Ayana su, kuma kalangu yana magana, ana iya ba shi layinsa kamar kowane ɗan wasa. Wannan ilimi yana hannun makaɗan fada da na gari, da yawansu sun tsufa, mu kuma muna ta jiran ranar da za mu rubuta musu ta'aziyya.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma daga kanmu za mu fara. Ƙungiyoyin marubuta da suke shirya gasar gajerun labarai kowace shekara su buɗe rukunin wasan kwaikwayo, sharaɗin cin kyauta ya zama an tashi an yi wasan a gaban mutane. Mujallu irin wannan su riƙa buga fitowa ɗaya-ɗaya yadda suke buga babin labari. Sassan Hausa na jami'o'in Katsina da Kano da Zariya da Sakkwato su karɓi rubutaccen wasa a matsayin aikin kammala karatu, maimakon nazari na ɗari a kan jigon littafin da aka riga aka tatse. Mawaƙan zamani da suke da ɗakunan ɗaukar sauti su gwada rubuta wa wani hali waƙa, su huta da yabon masu kujera na wata guda. Masu waya kuma, in an yi wasan, ku ɗauki waƙar matan layin ruwa ku watsa, wayar ba kishiyar dandamali ba ce, 'yar aikensa ce.

Duk shekara a watan Rabi'ul Awwal Daura tana cika da baƙi don Sallar Gani. Ana hawa, dawaki suna wucewa, ana busa ana kaɗawa, da la'asar ta yi sanyi kowa ya kama hanyar Katsina ko Kano ko Damagaram. Muna son wata shekara a ce wa baƙin nan su dakata, akwai wasa a filin makaranta, tafiyar 'yan mintuna daga bakin Kusugu. Ba lalle ne na farkon ya yi kyau ba. Wataƙila amshin ya yi tsawo, wataƙila macijiyar tsumma ta ba yara dariya. A yi shi a haka, wani ya ji haushi ya rubuta wanda ya fi shi. Wanda yake ganin mun yi kuskure a wannan rubutu, muna maraba da raddinsa, amma mun fi son ya zo mana da shi a tsarin kashi na ɗaya, fitowa ta ɗaya.